Yadda ake sayen tsohon garmaho a gwanjo

Garmahon farko da na saya a gwanjo na jabu ne. Ƙaton ƙaho gare shi na tagulla, sai walƙiya yake yi a hoto, ga tambarin karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙaho manne a gaban akwatin. Na taya, wani ya ƙara, na ƙara, har na wuce abin da na yi niyya, aka buga mini guduma ina ta murna. Da ya iso sai na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo a unguwarmu. Bai ko ɗora faifai ba. Ya leƙa ƙarƙashin farantin, ya shafa gwiwar ƙahon, ya ce, "Ɗana, wannan ai ka girme shi."

Tun daga ranar na gane cewa ba a ranar gwanjo ake cin ciniki ba. Kwanakin da suka gabace ta, na dubawa da tambaya da lissafi, su ne cinikin. Ranar kanta ɗaga hannu ne kawai.

Da farko, san wane iri kake nema

Abin da muke kira garmaho gida biyu ne. Akwai na Thomas Edison, wanda ya ƙirƙiro a Amurka a 1877, wanda daga baya ya riƙa amfani da silinda, wani abu mai kama da gwangwanin madara marar murfi da gindi, da ake zurawa a jikin sanda yana juyawa. Akwai kuma na Emile Berliner, wanda ya yi wa rajista a 1887, mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Na biyun ne ya ci kasuwar duniya, shi ne kuma ya iso ƙasar Hausa har ya bar mana sunansa. Edison bai daina yin silinda ba sai a 1929, amma tun kafin nan faifai ya riga ya yi masa nisa.

A cikin masu faifai ma akwai kala uku. Masu ƙaho a waje su ne tsofaffi, su ne masu tsada, su ne kuma aka fi yi wa jabu. Masu ƙaho a ciki sun yi suna ne da Victrola, wanda kamfanin Victor na garin Camden a jihar New Jersey ya fitar a 1906. Wasunsu na kan tebur, wasu tsayayyu kamar kabad. Sai na tafi-da-gidanka, masu siffar akwatin tafiya, irin su HMV 101 (wato His Master's Voice, masu tambarin karen nan) da ya fito a 1925 da HMV 102 da ya gaje shi a 1931.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi 101 ko 102, baƙi, marar ado. An yi su da yawa, kayan gyaransu na samuwa, sautinsu ya fi na yawancin masu ƙaho a waje daɗi, kuma akwati ɗaya ya ishe su a jirgi. Kabad tsayayye yakan faɗi warwas a gwanjon Ingila da Amurka, don ba kowa ke da wurin ajiye shi ba. Samfurin VV-XI na Victor kaɗai an ƙera sama da dubu 800. Amma ka tambayi kuɗin ɗauko shi zuwa Kano ko Yamai kafin arhar ta ruɗe ka.

Sai neman inda ake gwanjon

Akwai gidajen da wannan ce sana'arsu: Stanton's a jihar Michigan, Donley a garin Union na jihar Illinois, Auction Team Breker a Kolon ta Jamus. Idan fayafai kake nema, Nauck's a Texas ya daɗe yana gwanjonsu. A irin waɗannan wurare bayanin kaya yakan zo daidai, amma masu tayin ma sun san abin da suke yi, don haka da wuya ka tsinci dami a kala. Ƙananan gidajen gwanjo na garuruwan Ingila, masu sayar da kayan gado gaba ɗaya, kujeru da tangaran da agogo, a nan ake dacewa, a nan kuma ake faɗawa rami, domin mai rubuta bayanin sau da yawa bai san garmaho ba. Za ka same su ta shafukan the-saleroom, LiveAuctioneers da Invaluable. Ga kuma eBay, inda kowa dillalin kansa ne.

Yi rajista kwana biyu ko uku kafin ranar, kada ka bari sai da safiyarta. Za su nemi katin banki da shaidar ko kai wane ne, wasu ma sai ka ajiye kafin alƙalami idan daga ƙetare kake kuma ba su taɓa ciniki da kai ba. Ka karanta sharuɗɗansu, musamman la'adarsu, da hanyar biyan da suke karɓa daga waje, da kwanakin da suke bayarwa a kwashe kaya.

Duba kaya, wanda shi ne ainihin aikin

Ba a cinikin biri a sama. In da hali ka je da ƙafarka ranar da suke buɗe kaya a gani, ko ka tura wanda ka yarda da shi. In babu hali, rubuta musu ka nemi rahoton lafiyar kayan, kyauta ne, sannan ka faɗi hotunan da kake so ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ce "a ƙaro hotuna" kawai, irin waɗanda ka riga ka gani za a sake turo maka. Nemi hoton kan da ke riƙe allura gaba da baya, da na injin bayan an ɗaga allon da yake maƙale a ƙarƙashinsa, da na gindin akwatin, da na farantin ƙarfen da ke ɗauke da samfuri da lamba. Ka roƙi ɗan gajeren bidiyo ana wana shi yana juyawa.

Ka kuma koyi karanta harshen kundin gwanjo. Idan ka ga "A/F", nufinsu a sayar da shi yadda yake, da aibinsa. "Untested" ba a gwada ba ke nan, ni kuwa nakan ɗauke shi a matsayin ba ya aiki har sai an nuna mini akasin haka. Inda aka rubuta "style" bayan sunan kamfani, ko "reproduction", sun gaya maka a fakaice cewa kwaikwayo ne, ba ka da bakin ƙorafi daga baya.

Jabun da ya fi yawo shi ne irin wanda na saya. Yawancinsu a Indiya ake harhaɗa su: a ciro injin tsohon na tafi-da-gidanka, a sa shi cikin sabon akwati, a kafa masa ƙahon tagulla, a manna tambarin His Master's Voice. Alamominsu ba sa ɓuya ga wanda ya sani. Gwiwar ƙahon na gaske lanƙwasa ce mai santsi, ta jabu kuwa bututu ne aka yanka aka haɗa da dalma, kusurwar a fili. Hannun wani, wato mariƙin da ake wana injin da shi, yakan shiga akwatin a karkace, domin injin don akwatin tafiya aka yi shi. Akwatin kan zo mai kusurwa shida ko takwas, wani lokaci da gilashi a gefe. Sai sukuru masu kan kuros, waɗanda makanikai ke kira sita: waɗannan sai a shekarun 1930 suka shigo, to me suke yi a jikin abin da aka ce na 1905 ne? Ƙyallin ma kansa abin tuhuma ne. Abin da ya shekara ɗari ba ya ɗaukar ido haka. Sai dai kada ka ga sunan Indiya ka gudu: kamfanin Gramophone, mai tambarin HMV, ya kafa masana'antarsa a Kalkata tun 1908, kuma na katakon tik da aka yi a can don ƙasashe masu zafi na gaske ne, masu tarawa na nemansu.

Akwai wani nau'in da ya fi wuyar kamawa, wato wanda kowane ɓangarensa tsoho ne na gaske amma ba 'yan gida ɗaya ba ne: akwatin wannan, ƙahon wancan, kan wani daban. Duba ko akwai ramukan sukuru da ba kome a cikinsu, ko ramin hannun wani da aka toshe aka huda sabo. Ga na Victor abin da sauƙi, domin farantin lambarsa na gaya maka samfuri, kuma masu bincike sun wallafa jadawalin da ke nuna shekarar kowace lamba da irin kan da ya kamata ya zo da shi. Ƙungiyoyi irin su City of London Phonograph and Gramophone Society, wadda ta faro tun 1919, da Antique Phonograph Society ta Amurka, suna da mutanen da hoto ɗaya ya ishe su su gaya maka gaskiya.

In ka tabbata na gaske ne, saura lafiyarsa. Injin garmaho sifirin ne naɗaɗɗe a cikin gwangwanin ƙarfe, babu ruwansa da wutar lantarki, balle a ɗauke ta. Idan ana wana shi hannun na ta juyawa ba ya tauri, sifirin ya tsinke ko ya kuɓuce. Idan yana cikin juyawa ka ji "dum" lokaci-lokaci, tsohon giris ne ya daskare, wanki yake so, ba babbar matsala ba ce. Amma kada ka buɗe gwangwanin sifirin da kanka in ba ka taɓa yi ba. Ƙarfen in ya ɓalle yana iya yanke yatsa ko ya fasa ido. Idan gudun yana hawa yana sauka, matsalar tana wajen ƙwallayen ƙarfe uku da ke daidaita gudu, gyaransu kuma bai da tsada.

Kan da ke riƙe allura shi ne muryar garmaho. A cikinsa akwai tantani, na maika (wani ma'adini mai shara-shara kamar gilashi) a tsofaffi, na alminiyom a na baya-baya, zoben roba na riƙe da shi. Robar kusan kullum ta bushe, ana sauya ta cikin sauƙi. Abin tsoro shi ne wani gaurayen ƙarfe mai arha da aka riƙa zuba wasu kawuna da wuyaye (bututun da ke ɗauke da kan) da shi daga shekarun 1920. Da tsufa yakan kumbura ya tsattsage, ba ya kuma karɓar walda. Kawunan Orthophonic na Victor da bayan kawunan 5A da 5B na HMV duk suna fama da wannan. Ƙura wa hoton ido, in ka ga tsaga kamar ta busasshen tabki, sa kuɗin sabon kai cikin lissafi.

A jikin katako, ƙananan ramuka kamar na allura aikin ƙwaro ne. In da garin katako fari a bakinsu, yana ciki har yanzu. Wanda aka kankare aka shafa wa sabon fenti ya rage daraja, ko da ya fi kyan gani. Masu tarawa sun fi son tsohon launi da tabonsa.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga na silinda, ya ƙara da tambaya ɗaya: na minti biyu ne, ko na huɗu, ko mai yin duka? Edison ya fito da silinda mai minti huɗu a 1908, tsaginta ya ninka na da sirantaka, kuma kowacce da irin kan allurarta: samfurin C na minti biyu, H na huɗu. Ka tambaya kuma ko sandar da ake zura silinda tana juyawa sumul, don a wasu samfuran baya mazauninta na wancan mugun ƙarfen ne, yakan kumbura ya riƙe ta gam.

Lissafi kafin tayi

Ƙiyasin da suke rubutawa a kundi ba farashi ba ne, sau da yawa koto ne na jawo masu tayi. Nemi abin da irin wannan samfurin ya tashi a gwanjon baya. Shafukan da na ambata suna ajiye sakamako, eBay ma na nuna waɗanda aka riga aka sayar. Farashin da aka biya za ka duba, ba wanda mai kaya ya yi fata ba.

Sannan ka sani kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Gidan gwanjo na ɗora la'adarsa a kan mai saye, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A Ingila akwai harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar. In ta shafin intanet ka yi tayi, shi ma yana da nasa kason. Ga misali: an buga maka a fam 200, la'ada kashi 25 ta zama fam 50, harajinta fam 10, shafin ya ɗauki kashi 5 wato fam 10, da harajinsa fam 2. Ka ga fam 272 ke nan, kayan kuma bai motsa daga inda yake ba. Saura ɗauri, jirgi, inshora, kwastan, da abin da banki zai ci wajen canji. Ba abin mamaki ba ne jigilar ta kai kuɗin garmahon ko ta fi.

Don haka daga ƙarshe ake faro lissafin. Rubuta abin da kake iya kashewa gaba ɗaya, cire jigila bayan ka tambayi kamfanin ɗauri farashi tun kafin gwanjo, cire gyara, cire la'ada da haraji. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Rubuta shi a takarda da manyan lambobi, ka ajiye kusa da kwamfuta.

Ranar gwanjo

Hanyoyin tayi huɗu ne: kana zaune a zauren, ko ta waya, ko kai tsaye ta intanet, ko ka bar musu iyakarka tun da wuri su taya a madadinka. Ga mai saurin hawa dokin zuciya, da wanda intanet ɗinsa ke yankewa, ta ƙarshen ta fi. Ba za su kashe duk abin da ka rubuta ba sai in an tura su can. Mataki ɗaya sama da abokin takararka za su tsaya.

In kai tsaye za ka yi, duba bambancin agogo, ka shiga da wuri ka kalli cinikin kaso goma ko ashirin na kayan kafin naka, ka ga saurin mai gudumar da yadda yake hawa mataki. Kaso ɗaya ba ya cika minti guda. Kada ka fara tayi da an buɗe. Bari ya sauko da farashin buɗewa in ba wanda ya motsa. Wasu kayan suna da farashin ɓoye da mai su ya gindaya, in ba a kai shi ba, albarka ke nan, ba a sayar ba. A irin wannan kana iya rubuta wa gidan washegari ka yi tayi, sau da yawa a sallama. A eBay agogo na yankewa ne tsaf, shi ya sa gwanaye ke jefa tayinsu a daƙiƙun ƙarshe. A wasu shafukan kuwa duk sabon tayi na ƙara 'yan mintoci, don haka dabarar ba ta ci.

Da an wuce lambar da ke takardarka, sauke hannu. HMV 102 ba ya ƙarewa a duniya, wani na tafe mako mai zuwa. In kuwa guduma ta faɗa a kanka, ciniki ya ƙullu, babu fasawa.

Biya da ɗauri

Biya cikin kwanakin da suka ba ka, don bayan nan kuɗin ajiya ke fara hawa kullum. Yawancin gidajen gwanjo ba sa ɗaure kaya, sai dai su ba ka sunayen masu yi. Kada ka ɗauka mai ɗaurin ya san garmaho. Rubuta masa dalla-dalla: a cire faranti, a cire hannun wani, a cire kai a naɗe shi daban, a ɗaure wuyan kada ya yi lilo, a bar sifirin ya warware gaba ɗaya, a cusa abu mai laushi a tallafi injin daga ƙasa. Faranti da aka bari a wurinsa yakan ɓalle a hanya ya ragargaza duk abin da ke cikin akwatin. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ƙaho kuwa kwalinsa daban. Ajiye rasit da hoton kundin, za su yi maka amfani wajen kwastan.

Fayafai, allurai da sauran tarkace

Garmaho ba faifai kayan ado ne kawai. Nasa su ne masu gudu 78, na shalak (wani irin ƙaro mai tauri), masu nauyi da saurin fashewa. Mai inci 10 yana ba da kamar minti uku a kowace fuska. Akan sayar da su kwali-kwali da arha, amma nauyinsu ke cinye ribar a jirgi, don haka zaɓa za ka yi. Masu gwanjon fayafai na sa musu daraja da haruffa, E mai kyau sosai, V wanda ya sha kiɗa. Tambayi ko akwai tsaga mai kamar gashi. Mu da ke wannan yanki akwai jerin da ya kamata mu sa wa ido: Zonophone mai lamba EZ, wanda aka ɗauka a Landan a ƙarshen shekarun 1920 da harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, da HMV mai JZ, da Decca mai WA. Kaɗan ne suka tsira daga zafi da allura, in ka ga mai lafiya kada ka yi sanya.

Abubuwa uku ba a ɗora wa allurar ƙarfe. Fayafan Edison masu kauri da ake kira Diamond Disc, da na Pathé na Faransa masu son kan yakutu, domin tsaginsu sama da ƙasa yake tafiya, ba gefe da gefe ba. Na ukun su ne fayafan roba masu gudu 33 da 45 da iyayenmu suka tara a shekarun 1970. Juyi ɗaya zai nike su. Silindar kaki kuwa, in ka ga farin tabo ko ruwan ƙasa a jikinta, fumfuna ce ta ci sautin, ba ya dawowa. Masu launin shuɗi da Edison ya fara a 1912 sun fi jure wahala, su suka fi dacewa da yanayinmu.

Gwangwanayen allura, masu cin 200 galibi, da hoton kare ko tsuntsu a murfi, su ma abin tarawa ne, ga arha ga sauƙin aikowa. Gumakan karen, wanda sunansa Nipper, an kwaikwaye su ba adadi, ni dai ba na sa kuɗi mai yawa a kansu. Allurar da za ka yi kiɗa da ita kuwa sabuwa za ka saya, har yanzu ana ƙera su. Fuska ɗaya, allura ɗaya, a jefar. An yi ta ne don ta cinye a madadin faifan. In ka maimaita ta, faifan ne zai biya.

In ya iso

Ɗauki hoton kwalin kafin ka buɗe, saboda inshora. Bar shi ya kwana ya saba da ɗakin. Nema masa wuri nesa da taga da rana, ka rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu, don ƙura na shiga inji, bushewar iska kuma na tsaga katako. Fayafai a tsaye ake jera su, a matse, a ɗaki mafi sanyi. Wanda aka bari a mota da rana zai lanƙwashe kamar ganye. Kada sifirit ya taɓa su, narkar da shalak yake yi. Ruwa kaɗan da ɗigon sabulu da burushi mai laushi sun isa, a bar su su bushe sarai.

Ɗiga man keken ɗinki a mazaunan injin da ke juyawa. Wana shi a hankali, ka tsaya da ka ji ya fara tauri. Sa alamar gudu a 78, ɗaura sabuwar allura, saki birki, bari farantin ya kama gudunsa, sannan ka sauke kan a bakin faifan da hannunka. Gwajin farko da faifan da ba ka damu da shi ba za ka yi.